Tarkacen da Ban Goge Ba

Ina da riƙo, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Tun ina ƙarama a ƙauyenmu na yankin Gangara, in aka yi mini abu ba na kuka, ba na kai ƙara, sai in ninke shi in ajiye a raina in jira ranarsa. Inna ta yi faɗa har ta gaji ta bar ni da halina. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta abin da ke tafe ya ɗauka wata salihar baiwar Allah ce aka zalunta. An zalunce mu, gaskiya ne, amma ni ma ba kanwar lasa ba ce.

A lokacin ina aiki a Tanut, a wani biro, wato ofis, da ke riƙe da takardun filaye: gonaki, rijiyoyi, burtalin dabbobi. Ɗaki uku ne da rumfa a gaba, da faifan sola a kan rufi, da batura da ke fara haki da zarar la'asar ta yi. Wani furoje ne, irin shirin tallafin nan na ƙungiyoyi, ya kawo mana babbar kwamfuta, ya tura ni Damagaram na yi mako uku ina koyon sarrafa rumbun bayanai, sannan ya tattara komatsansa ya tafi ya bar ni da ita. Muka shekara biyu muna kwafe tsofaffin takardu a cikinta. Jikin takarda da Faransanci yake, amma abin da shaidu suka faɗa ana barinsa da Hausa yadda ya fito daga bakinsu, don kada fassara ta ci wani abu. Ba a daɗe da gamawa ba ruwan sama ya ɓarke rufin ɗakin ajiya, abin da ya tsira kuma gara ta yi walima da shi. Daga nan kwamfutar da ke kusurwar ɗakina ta zama ita ce shaida, sai kuma kwafin da ke hannun masu gona, in sun iya adanawa.

Babban magatakardan biron, wanda kowa ke kira Shef, ya riga ni zuwa da shekaru masu yawa. Dattijo ne mai tsafta, mai doguwar gaisuwa, ba ya wuce ka bai tambayi lafiyar kakanninka ba. Da yatsa biyu yake bugun kwamfuta, harshensa a waje kaɗan, amma in baƙi sun zo shi ne ke tsayawa a gabanta ya yi bayani, ni kuma in koma gefe in riƙe buta. 'Yar ordinatar, wato 'yar kwamfuta, yake ce mini, ko kuma ɗiyata in yana son wani abu. Akwai ƙa'idar cewa ma'aikaci ba ya shigar da takardun yankinsu da hannunsa, saboda haka shi ya kwafe na Gangara. A cikinsu akwai ta gonar Baba. Ranar da aka shigar da ita na buɗe na karanta don jin daɗina kawai. Maigari da shaidu biyu sun ce gonar gado ce, daga kakanmu ta zo. Na haddace lambarta ba tare da na yi niyya ba.

Matsalar rumbun namu ita ce sai ka san lambar takarda ko sunan mai ita kafin ka same ta. In kana neman duk takardar da aka ambaci wata rijiya ko wata bishiyar aduwa a cikin rubutunta, to sai dai ka bi su ɗaya bayan ɗaya har idonka ya yi ja. An koya mana a Damagaram cewa akwai maganin wannan: a sa rumbun ya gina fihirisa ta dukkan kalmomi. Yadda yake yi shi ne ya ɗauki kowace takarda ya farfasa ta kalma kalma, ya rubuta kowace kalma da lambar takardar da ta fito, ya tara su a wani wurin ajiya na wucin gadi, ya jera su bisa haruffa, sannan ya zuba cikin fihirisa ya share wurin. Kamar dai sussuka ne, dole sai da fili, kuma filin ya fi damin girma. Da kaka ta yi a shekarar nan na gwada. Aikin ya yi nisa, sai wurin ya cika maƙil, kwamfutar ta shiga nishi, kafin in yi wani abu batura suka mutu ta ɗauke gaba ɗaya. Da na kunna washegari rumbun ya tashi lafiya, fihirisa ce dai babu. Shef ya ce in bar wahalar da kaina, mutanen ƙasarmu ta Damargu sun san gonakinsu tun kafin a haifi ordinatar. Na bari.

Baba ya rasu da sanyin shekarar. Shef ya zo gaisuwa har ƙauye, da sukari da goro, ya zauna a tabarma ya yi addu'a mai tsawo har Inna ta yi hawaye. Bayan arba'in ya sake komawa ba da sanina ba, ya ce mata ta kawo takardar gona a sauya suna zuwa na magada, aikin kwana biyu ne. Inna ta buɗe adaka ta ciro ta daga cikin leda uku, ta miƙa masa da hannu biyu, ta kuma yi masa godiya. Ubangidan ɗiyarta ne, me za ta yi tsoro.

Da bazara ta kama sai maƙwabcin gonarmu na yamma ya je gaban maigari ya ce gonar tasu ce, mahaifinsa ne ya ara wa Baba, yanzu tunda mai aro ya kwanta dama yana son abinsa. Mutumin nan yayan matar Shef ne. Maigarin da ya yi shaida a da ya rasu, ɗansa ne a kai, shaidun nan biyu ma ƙasa ta rufe su. Aka ce Inna ta kawo takarda, ta ce tana Tanut. Shi kuwa mutumin ya zaro sabuwar takarda fara fes da hatimin bironmu. Maigari ya karanta ya ce ba shi da ta cewa, sai dai in wata takardar ta zo daga Tanut kafin ruwan shuka. In ruwa ya sauka ba ta zo ba, mai takarda zai shuka, kuma kowa ya san al'adar garinmu, wanda ya shuka shi ke girbi ko da daga baya gaskiya ta fito.

Inna ta kira ni a waya ta faɗa mini, muryarta a sanyaye, tana ta ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifin. Ba ta da wata gona sai wannan. Irin hatsin da ta zaɓa tun kaka yana rataye a ɗakinta, zangarniya manya manya. Ita da ƙanwar Baba da ke zaune tare da ita, daga gonar nan suke ci shekara ta zagayo.

Na ajiye waya na buga lambar takardarmu. Komai yana nan yadda na sani, faɗi da tsawo, iyakoki, sunayen shaidu. Kalma ɗaya ce ta canza. Inda shaidu suka ce gonar gado ce, yanzu an rubuta gonar aro ce, haka ma a layin Faransanci an daidaita. Na duba kwafin da muke ajiyewa a wani diski daban, amma kowane mako sabo ke hawa kan tsoho, can ma aro na tarar.

Na shiga ɗakin Shef ban yi sallama ba. Ya saurare ni har na gama, yana ɓare goro. Ya ce takardar Inna ya aika ta Damagaram, wataƙila ta ɓace a hanya, ai na san halin direbobi. Ya ce zafin rashi yakan sa mutum ya tuna abin da bai gani ba. Sannan ya kalle ni ya yi murmushi.

"Ɗiyata, ke ce mai riƙon ordinatar. In aka ce an taɓa wani abu a ciki, wa za a fara tambaya? Ki yi tunani kahin ki ɗaga murya."

Na fito. Ba gonar ce ta fi ƙona mini rai a wannan lokacin ba, gaskiya zan faɗa. Murmushin ne, da kuma tuna yadda Inna ta miƙa masa takardar da hannu biyu. Na zauna a kujerata na rantse a zuci cewa sai na cire masa rawani a bainar jama'a, ko da aikin nan zai bar hannuna. Da azahar na kai masa ruwan sanyi na ce ya yi haƙuri, ɓacin rai ne. Ya ce ba komai, yaro ai yaro ne.

Kwana biyu ina juya abin kafin dabara ta zo. Kowace takardar gona tana ambaton maƙwabtanta. In gonarmu gado ce, dole akwai wani shaida a wata takarda da ya ce ta yi iyaka da gonar gadon wane, ya ambaci sunan Baba. Shef ba zai iya bin dubban takardu ya gyara ba, da yatsunsa biyu sai ya tsufa a kai. Ni ma ba zan iya bin su ba kafin ruwa. Fihirisar nan da na watsar tun kaka ita ce kawai hanya.

Na koma kan littafin da aka ba mu a Damagaram, na gano abin da ya kashe aikin farko. Diskin kwamfutar kashi biyu aka raba shi, ƙarami na tafiyar da ita kanta, babba na ajiya. Rumbun kuwa, in ba ka nuna masa wani wuri ba, a ƙaramin yake zuba kayansa na wucin gadi. Ashe a lungu na sa shi sussuka. Abin da ake bukata shi ne in buɗe masa wuri a babban kashin, in rubuta hanyar wurin a takardar saitinsa. Na ce to bari in fara share ƙaramin tukuna, tunda har yanzu a cike yake.

A nan na tarar da su. Manyan fayiloli ne masu sunaye marasa kan gado, lambobi da haruffa a cakuɗe, kwanan watansu na kaka. Tarkacen aikin da ya mutu ne. Da ya kai ƙarshe da ya share bayansa, amma kuran, wato lantarki, ya ɗauke masa a tsakiya, sai ya bar komai a warwatse. Na zaɓe su duka, yatsana yana kan maɓallin gogewa. Abin da ya hana ni ba hikima ba ce, son gulma ne kawai. Ni ko takardar ƙosai na tsinta sai na karanta kafin in yar. Na buɗe ɗaya in ga me ke ciki.

Yawancinsa shara ce da ido ba ya karantawa, amma a tsakiyarta ga kalmomi a jere bisa haruffa, kowace da lambobin takardu a bayanta. Aduwa, arewa, burtali, dutse. Babu jimla ko ɗaya, kalma ce da lamba kawai. Sai da na kalle su na ɗan lokaci kafin abin ya faɗo mini: waɗannan kalmomin takardun ne yadda suke da kaka, lokacin Baba yana da rai, Shef bai taɓa komai ba. Na sha wuya kafin in fito da lambobin yadda za su karantu, littafin yana buɗe a cinyata, gumi yana ɗiga a kansa. Na nemo aro na bi lambobinta har ƙarshe, tamu ba ta ciki. Na gangara zuwa gado. Tana nan a tsakiyar layi, zaune lafiya lau.

Ban yi ihu ba. Na kwafe tarkacen a kile biyu, 'yan ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, ɗaya na ɗaura a bakin zanena, ɗaya na kai gida na tura cikin tukunyar da ba na girki da ita. Na asalin kuma ban taɓa su ba, na bar su inda suke da kwanan watansu.

Saura wurin sabon aiki. Babban kashin ma ba shi da fili sosai, domin Shef ya cika shi da bidiyon kokawa, shekara da shekaru, kowane karo da aka yi yana da shi. Na je na durƙusa na ce ina so in mayar masa da su wani diski don kada su lalace. Ya ji daɗi ƙwarai, har ya sa mini albarka. Na buɗe dosiye, wato jakar fayiloli, na sa masa suna ɗakin wucin gadi, na rubuta hanyarsa a saiti, na sake tayar da rumbun. Ya ƙi tashi. Na yi ta dubawa kafin in gane ɗ ɗin nan mai lanƙwasa ce ta shaƙe shi, ga kuma tazarar da ke tsakanin kalmomin. Waɗanda suka ƙera shi ba su san da mu ba. Na nemi kalmar da ba ta da ƙugiya ko ɗaya, na sa masussuka. Ya tashi, amma da na ba shi aiki ya ce ba shi da izinin rubutu a wurin, domin da sunana na buɗe, shi kuma da nasa sunan yake aiki. Na mallaka masa. Ya sake ƙi, wai wurin yana cikin ɗakin da bayanan kansu suke, dole a fitar da shi waje. Na zage shi tas da Hausa da Faransanci, sannan na yi abin da ya ce.

Washegari na zo tun rana ba ta hau kan faifan sola ba. Na kashe fanka, na zare ƙaramin firijin da Shef ke sanya ruwansa na ce masa ya lalace ne, don kada wani abu ya ja kuran. Na sa aikin. Na zauna ina kallon masussuka tana cika, kashi ɗaya cikin huɗu, rabi, ta wuce rabi, zafi kamar zai narkar da mutum. Wajen azahar ta tsaya da cika, ta ɗan jima a haka, sai ta fara raguwa har ta koma wayam. Fihirisa ta ginu.

Na buga sunan Baba. Kafin in ɗauke hannu takardu huɗu suka fito. Ta farko tamu ce. Biyu na maƙwabtan kudu da arewa ne, sun ambaci gonarsa kawai. Ta huɗu ita ce ta mahaifin mutumin da ke son ƙwace mana, kuma a cikinta tsohon da bakinsa ya ce gonarsa ta yi iyaka daga gabas da gonar gadon wane, ya faɗi sunan Baba, ya dangwala yatsa. Na karanta layin ya fi sau goma. Na yi dariya ni kaɗai har cikina ya ƙulle.

To a nan ne na yi abin da na yi. Shugaban kwamitin filaye dattijo ne mai gaskiya, gidansa ba nisa da biro. Da na ɗauki takardun nan na kai masa a yammacin nan, da ya rubuta wa maigari layi biyu a dakatar da mutumin, washegari motar kasuwa ta kai. Na san haka sarai. Amma na san kuma abin da zai biyo baya. Za a kira Shef a ɗaki a rufe ƙofa, manya su yi magana ƙasa ƙasa, a ce kuskuren bugu ne, a gyara, ya fito yana gyara rawani. Saura kwana goma a yi babban zaman kwamiti, wanda masu gari ke zuwa daga Gangara da Olelewa har Tarka, da shugabannin makiyaya saboda maganar burtali kafin damina. A nan nake son sa. Na dubi sama na ga fari fat, na ce wa kaina ruwa ba zai zo yanzu ba.

Na gaya wa Shef cewa ordinatar ta koyi sabon abu, tana nemo kowace kalma cikin ƙiftawar ido. Na nuna masa da kalmar rijiya. Idonsa ya yi haske, ya ce lalle sai an nuna wa kwamiti, kuma shi zai gabatar tunda bironsa ne. Ko kusa bai kawo komai a ransa ba. Kwanakin nan na ji daɗinsu, ba zan yi ƙarya ba. Kullum in gaishe shi har ƙasa, in tambayi lafiyar iyali, har da ta surukinsa. In yana magana sai in riƙa kallon rawaninsa ina ƙiyasta tsawonsa.

Inna takan kira bayan kwana biyu ta ce ko akwai labari. Nakan ce ana kan aiki, ta ƙara haƙuri. Ban faɗa mata ba, domin na san ta, da ta ji za ta ce in kai wa dattijon yau yau, ita ba ta son tozarta kowa. A kwana na biyar iska ta juya, gajimare ya fara taruwa ta gabas da yamma. Na gani, na shige ɗaki. A kwana na bakwai, ranar Talata, direban motar kasuwa ya ce an yi ruwa a yankin Gangara har ƙasa ta jiƙu kamu ɗaya. A ranar Inna ba ta kira ba, ni ma ban kira ta ba. Na ce wa kaina saura kwana uku kawai, kuma wataƙila mutumin bai shirya iri ba.

Ranar zama rumfa ta cika. Masu gari a kan kujeru, makiyaya da sandunansu a bayan tabarmi, maigarinmu ma yana nan. Na haɗa majigin da furoje ya bar mana, fuskar kwamfuta ta fito a jikin bango. Shef ya sha babbar riga mai aiki, ya yi jawabi a kan yadda ya daɗe yana wannan tunani. Wani makiyayi ya ce a nemo masa wata rijiya, aka buga, ta fito, mutane suka yi ta mamaki. Shef sai walƙiya yake.

Sai na miƙe na ce ina roƙon alfarma, Shef ya buga mana sunan marigayi mahaifina da hannunsa mai albarka, tunda shi ya shigar da takardarsa. Ya ɗago ya kalle ni. A nan ya gane, na ga lokacin da ya gane, kuma har yau in na tuna sai in ji sanyi a ƙirjina. Ya ce lokaci ya ƙure. Shugaban kwamiti ya ce ai suna ɗaya ne, ya buga. Ya buga da yatsunsa biyu, sau biyu yana kuskure.

Na buɗe takarda ta huɗu na karanta maganar tsohon da ƙarfi, a hankali, yadda na can baya za su ji. Na buɗe tamu na nuna kalmar aro. Sannan na buɗe tarkacen kaka, na bayyana musu abin da yake da Hausar da kowa zai fahimta, na nuna kwanan wata, na nuna lambarmu a ƙarƙashin gado, na nuna babu ita a ƙarƙashin aro. Na ce mutum biyu ne kawai ke da izinin gyara takarda a biron nan, ni da Shef, sai jama'a su duba wanne daga cikinmu ne gonar za ta koma gidan surukinsa.  Wani tsoho daga Tarka ya ce a duba masa tasa takardar shi ma, wani ya ce shi ma, nan take hayaniya ta tashi.

Shugaban ya tsawatar. Ya tambayi Shef ko yana da magana, Shef ya ce kuskure ne. Shugaban ya ce to ya gyara kuskurensa yanzu a gaban kowa. Ya goge haruffa uku ya rubuta huɗu, kowa yana kallo a bango, gumi yana bin wuyan rigarsa. Ni ce na tsaya a kansa na ce masa saura na Faransancin. Bai ƙara zama a kujerar nan ba, kafin wata ya ƙare aka ce ya ajiye aiki saboda ciwon ido. Takardar Inna kuma tun a ranar zaman ta fito daga aljihun teburinsa, har da ledarta uku.

Bayan an watse maigarinmu ya ja ni gefe. Ya ce gona ta Inna ce, babu mai sake tayar da maganar. Amma mutumin ya shuka tun ranar Laraba, shi da 'ya'yansa, daga wannan iyaka zuwa waccan. Ya shuka ne da takarda mai hatimi a hannu, saboda haka bana tasa ce, sai ya girbe zai fita. Na je wurin shugaban na yi magiya, ya ce al'ada ce, ba zai sa a tone shuka ba, in aka fara haka Damargu ba za ta zauna lafiya ba.

Na shiga motar kasuwa ranar Asabar da takardar a jakata. Hanyar shiga ƙauyenmu ta gefen gonar take bi. Hatsin ya tsiro, layi layi, kore shar a kan jan yashi, shuka mai kyau. Na kawar da kai.

Na tarar da Inna a tsakar gida ta sauko da zangarniyar irin nan, tana murje su a turmi. Ƙanwar Baba tana gefe da faifai. Labari ya riga ni isowa, maƙwabta sun shigo suna ta yi mini barka, wata ma har da guɗa. Na ba su labarin tun daga farko, na kwaikwayi yadda Shef ke bugu da harshe a waje, aka yi ta dariya. Inna ta karɓi takardar ta shafa ta, ta ce Allah ya yi mini albarka, ta sa a adaka. Sai da kowa ya fita ta koma kan turminta. Na ce mata ai wannan iri ne, me ya sa take dakawa. Ta ce irin da ba a shuka ba ai abinci ne, kuma rumbu ya yi ƙasa.

Ta yi ta daka na ɗan lokaci, sannan ta tsaya ba ta kalle ni ba.

"Ɗiyata, wace rana kika ga shaidar nan?"

Da na so da na yi ƙarya, ba ta san kwamfuta ba, duk abin da na faɗa shi ke nan. Na ce mata ranar Talata. Ta ce Talatar da aka yi ruwa? Na ce a'a, wadda ta gabace ta.

Na ga tana lissafi da leɓɓanta. Ta kai bakwai ta tsaya. Ba ta yi faɗa ba, har yau kuma ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ta miƙo mini taɓarya ta ce hannunta ya gaji, in ƙarasa mata. Na karɓa na daka irin gonarmu har ya zama gari, da shi muka yi tuwon dare.